FILIN DIREBA DA BAKANIKE: An Ƙara wa Taya Girma, Maleji Ya Koma Yin Ƙarya

  A wannan wata za mu tsaya ne a kan wasiƙa guda ɗaya tak, domin abin da ke cikinta ya shafi mutane da dama, har da waɗanda ba su san ya shafe su ba.

Wasiƙar ta fito ne daga hannun wani Alhaji mazaunin Umbadda, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Yana da boksi, tsohuwar Hilux mai dabal ta shekarun 1990. Ya ce da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya bar ta a gida ya fita da iyalinsa, da ya dawo a 2025 sai ya tarar da ita a kan duwatsu, babu taya babu rim babu batir. Da ya tashi tayar da ita sai mai sayar da taya ya ba shi shawara ya bar lambar da ta zo da ita, watau 205R16, ya sa 265/75R16, saboda ramukan da suka yi yawa a hanya. Ya sa, mota ta yi tsayi ta yi kyau. To amma tun daga nan abubuwa uku suka dame shi. Na farko, 'yan murur sun tsayar da direbansa a hanyar Madani sun ce na'urarsu ta kama shi yana wuce ƙa'ida, shi kuwa direban ya rantse allura ba ta kai inda suka faɗa ba. Na biyu, allurar tana rawa in ana tafiya a hankali, tana kuma 'yar ƙara. Na uku, kuma shi ne ya sa ya ɗauki alƙalami, da can motar tana yin kilomita 40 da galan guda, yanzu bisa lissafin maleji 35 take yi. Alhaji ya ce zuciyarsa ta fara raya masa cewa yaron nan yana zuƙe mai yana sayarwa, ga shi kuma ɗan ƙanwarsa ne, bai san yadda zai sallame shi ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

Alhaji, ka dakata tukuna, kada ka sallami kowa. Ka karanta wannan har ƙarshe, sa'an nan ka ɗauki alli da igiyar awo ka fita ƙofar gida.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne, maleji, wanda a nan muke ce wa addad, bai san hanya ba, bai taɓa ganin ta ba. Ba ya auna ƙasa. Abin da yake yi kawai shi ne ƙirga sau nawa wani ƙarfe ya juya a bayan giyabos, ko kuma a motocin zamani sau nawa taya ta juya. Tun a masana'anta aka gaya masa cewa duk juyi ɗaya na taya daidai yake da tafiya kaza, shi kuma ya riƙe wannan magana har ya mutu. In ka cire tayar da aka yi lissafin da ita ka sa wadda ta fi ta tsayi, kowane juyi zai ci ƙasa fiye da da, amma maleji zai ci gaba da ƙirga juyin da tsohon farashi. Saboda haka allura za ta nuna ƙasa da gudun da kake yi, lambobin kilomita kuma za su nuna ƙasa da tafiyar da ka yi. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi yadda aka koya masa.

Yanzu bari mu yi lissafin motar Alhaji a fili, domin kowa ya iya yin na tasa. A lambar 265/75R16, 265 ɗin faɗin taya ne da milimita. 75 ɗin kuwa yana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 75 cikin 100 ne na wancan faɗin. 16 kuma girman rim ne da inci, kowane inci milimita 25.4. Kashi 75 cikin 100 na 265 ya kama milimita 199 saura kaɗan. Gefen nan biyu ne, sama da ƙasa, watau 397 da rabi. Rim ya ba da 406. In ka haɗa, tsayin tayar daga ƙasa zuwa ƙolinta milimita 804 ne. Ita kuwa 205R16, da duk tayar da aka rubuta haka babu lambar tsakiya, ana ɗaukar gefenta kashi 80 ne, to tsayinta milimita 734. Bambanci milimita 70, watau kashi 9 da rabi cikin 100.

Wani zai ce santimita 7 kawai? Ai ko tafin hannu bai kai ba. To ka tuna taya zagaye take yi. Tsohuwar tana cin ƙasa mita 2 da santimita 31 a kowane juyi, sabuwar tana cin mita 2 da santimita 53. Tsohuwar sai ta juya wajen sau 433 kafin ta cika kilomita guda, sabuwar sau 396 ya ishe ta. Juyi 37 ke nan suke ɓacewa daga littafin maleji a kowace kilomita, kullum, tun daga ranar da aka ɗaura tayar.

Ga abin da wannan yake nufi a kan zalat. In allura tana kan 60, kana yin kusan 66. In tana kan 80, kana yin kusan 88. In tana kan 100, kana dab da 110. In kuwa ka kai ta 120, to ka wuce 130, Allah ya kiyaye. Haka nan tafiyar Hartum zuwa Madani, wadda take kimanin kilomita 186, maleji zai rubuta ta kimanin 170.

Akwai wani ɗan sassauci da ya kamata a ambata. Masu ƙera motoci da gangan suke sa allura ta ɗara gaskiya kaɗan. Ƙa'ida mai lamba 39 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin ƙirar motoci, wadda ƙasashen Turai da wasu da yawa suke bi, ta ce maleji ba zai taɓa nuna ƙasa da ainihin gudu ba, amma an yarda ya ɗara da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4 ba. Shi ya sa wanda ya ƙara wa tayarsa kashi 2 ko 3 cikin 100 sau da yawa ba ya ganin komai, don ya ci rarar da aka bar masa ne kawai. Makanikai ma sukan ce kada a wuce kashi 3. Amma kashi 9 da rabi, a mafi yawan motoci, ya cinye rarar ya shiga cikin uwar kuɗi. Saboda haka Alhaji, a maganar 'yan murur, kowa da gaskiyarsa: direbanka ya faɗi abin da ya gani a allura, su kuma sun faɗi abin da motar take yi. Sai dai a gaban doka abin da mota take yi shi ne magana.

Mu dawo kan batun mai, wanda shi ne ya fi nauyi. Ka ce lissafinka ya sauko daga 40 zuwa 35 a galan. Ka ɗauki 35 ɗin nan ka ninka da 1.095, domin ka mayar da kilomitocin da maleji ya haɗiye. Za ka samu 38 da 'yan kai. Ashe daga cikin kilomita 5 da kake nema, fiye da 3 ba su ɓata ba, an yi tafiyarsu, ba a rubuta ba ne kawai. Sauran da bai kai 2 ba kuwa, ka neme shi a wurin tayar da kanta. Ta fi tsohuwar nauyi, ta fi ta faɗi da milimita 60, ta ɗaga motar sama iska tana ƙara bugun ta, kuma ta sa kowane giya ya yi wa inji nauyi, sai direba ya ƙara taka totur ko ya daɗe a giya na uku inda da can na huɗu yake shiga. Ga kuma motar da ta yi shekara biyu a tsaye, Allah kaɗai ya san halin da nozul da filta suke ciki. Ni dai a lissafin da ka aiko ban ga hannun ɓarawo ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Yuni na 2021, balle kuma bayan abin da ya sami matatar Jaili a lokacin yaƙi, kowane mai mota ya zama mai sa ido a kan tanki, wannan ba laifi ba ne. Amma in za a tuhumi mutum, a tuhume shi da ma'aunin da yake daidai. Ka cika tanki har baki da hannunka, ka shiga motar ku je Madani ku dawo tare, ka sake cikawa a famfo ɗaya, ka raba 372 da yawan galan ɗin da ta sha. Gani ya kori ji.

Wata asarar kuma da ba a kula da ita, ita ce ta baƙin mai. Wanda ya saba juye shi duk kilomita 5,000 bisa maleji, yanzu sai ya yi kusan 5,500 kafin lambar ta cika. A ƙurar nan tamu da zafin watan Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsohon injin gas. Kafin a gyara malejin, a riƙa juyewa in ya nuna 4,500.

To yaya mutum zai tabbatar da girman kuskuren motarsa, ba tare da ya dogara da lambar da ke jikin taya ba? Ina faɗin haka ne domin tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni biyu suna iya bambanta, kuma tsakanin sabuwar taya da wadda ta suɗe akwai kusan kashi 2 cikin 100. Hanya mafi sauƙi ita ce ta alli. Ka sa iska daidai, ka tsayar da mota a wuri mai shafe, ka ja layi a gefen tayar baya daidai inda ta taɓa ƙasa, ka ja wani a ƙasan. A tura motar a miƙe har layin ya zagayo sau 10, ka sake yin alama, ka auna tsakani. Tayar Alhaji za ta ba da kimanin mita 24 da rabi, domin nauyin mota yana ɗan danne ta. In akwai maƙwabci mai irin motar da tayar asali, a auna tasa, za a samu mita 22 da 'yan kai. Ka raba babba da ƙarami, amsar ita ce lambar da za ka riƙa ninka duk abin da maleji ya faɗa da ita.

Hanya ta biyu ta agogo ce. A inda alamomin kilomita suke tsaye a gefen hanya, ka riƙe allura a kan 80 cak, yaron mota ya duba daƙiƙa nawa aka yi daga alama zuwa alama. In maleji gaskiya yake faɗa, daƙiƙa 45 za a yi. In aka yi 41, to ka raba 3,600 da 41, za ka ga kusan 88. Hanya ta uku kuwa wayar hannu ce, domin kusan kowace waya ta zamani tana iya nuna gudu ta hanyar tauraron ɗan'adam, ba ta ma bukatar intanet in an riga an sauke manhajar. A gwada a miƙaƙƙiyar hanya kamar Tahaddi ko Shiryan Shamal, a gudu uku dabam dabam, kuma wanda yake gefe shi zai riƙe wayar, ba direba ba.

Gwaji a gudu uku ɗin nan yana da dalili. In kuskuren daga taya ne, zai riƙa girma tare da gudu: kilomita 4 a kan 40, 8 saura kaɗan a kan 80. In kuwa ka ga kuskuren bai canza ba, alal misali 10 ne a ƙasa 10 ne a sama, to ba taya ba ce, allura ce ta goce daga mazauninta, watakila wani ya taɓa buɗe agogon ya mayar da ita ba daidai ba. Wannan aikin mai gyaran agogon mota ne, ba na mai faci ba.

Sai batun rawar allura. Wannan ba laifin girman taya ba ne ko kaɗan, ko da yake tare suka zo. Irin motar Alhaji kebur ne yake juya malejinta. Dabara ce tsohuwa, wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista tun 1902. Daga bayan giyabos, ko bayan akwatin dabal in mai dabal ce, akwai wani ɗan giya na roba da yake juya siririyar waya a cikin kube, wayar ta hau har bayan agogo ta juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyam. Gwargwadon saurin maganaɗisun gwargwadon yadda yake jan kofin, allura kuma a jikin kofin take, wani siririn sifirin kamar na agogon hannu yana mayar da ita baya. A motocin Japan, in kebur ya juya sau 637 an yi kilomita guda, sau da yawa za ka ga lambar nan 637 a rubuce a fuskar agogon ko a bayansa. To in man da ke cikin kuben ya bushe, wayar sai ta riƙa maƙalewa tana fizgewa, allura ta yi ta tsalle, musamman ƙasa da 40. Motar da ta yi shekara biyu a rana da ƙura, abin mamaki ma shi ne in ba ta yi haka ba.

Maganinsa, a kwance keburin daga ƙasa, a zaro wayar, a wanke ta da gas, a mirgina ta a kan tebur. In ta yi gwiwa ko wani zare ya tashi a jikinta, a sayi wata, kada a ɓata lokaci. In lafiya take, a shafa mata giris mara kauri, amma a bar kamar taƙi guda na can sama a bushe, domin in giris ya hau cikin agogo zai kama kofin, allura ta yi nauyi ta riƙa makara. A kuma duba ko an sa wa bodi tallafi an ɗaga shi daga kan shasi don taya ta samu wuri. Giyabos yana kan shasi, agogo yana cikin bodi, in an raba su da inci biyu kebur zai miƙe ya yi lanƙwasa mai tsanani a bakin giyabos, ba zai daɗe ba ya tsinke. Ƙarin ganyen sifirin ba ya jawo wannan, ɗaga bodi ne yake jawo shi. In kuwa allura ta kwanta gaba ɗaya lambobi ma sun tsaya, to ko waya ta tsinke ko haƙoran ɗan giyan nan sun cinye. In lambobi suna tafiya allura ce kaɗai ta mutu, matsalar tana cikin agogo.

Gyaran kuskuren kansa, a mota mai kebur, yana wurin ɗan giyan roban nan. Taya ta ƙaru, to ana so kebur ya ƙara sauri, saboda haka ana neman giya mai ƙarancin haƙora. Ka ciro naka ka ƙirga haƙoransa, ka raba da lambar da ka samu wajen awo. In mai haƙora 33 ne, ka raba da 1.095, ka samu 30, shi ke nan an dace. In mai 18 ne amsar za ta faɗo tsakanin 16 da 17. Mai 17 zai bar allura tana nuna ƙasa da gaskiya da wajen kashi 3, mai 16 zai sa ta ɗara da wajen kashi 3. Ni 16 zan zaɓa, domin gara maleji ya tsorata ni da ya rarrashe ni. Amma fa a lura, ɗan giyan nan yana da abokin cuɗanya a ciki, na ƙarfe, kuma a Toyota akan buga lambobin biyu a jikinsa, kamar 6 da 18 ko 11 da 33. Lambar farko dole ta zama iri ɗaya da ta wanda aka cire. In aka cusa wanda ba dangi ba, zai yi aiki sati biyu ya zube. Ka tafi da tsohon a aljihu lokacin da za ka zagaya masu tsofaffin kayan gyara a manɗiƙa sina'iyya, kada ka yarda da “ai duk ɗaya ne.”

Motocin da suka biyo baya ba su da kebur. A gurbinsa akwai sansa da take aika bugun lantarki, a Toyota da yawa bugu 4 a kowane juyi, watau 2,548 a kilomita. Wasunsu har yanzu ɗan giyan roba ne yake juya sansar, to su ma canza giyan ya wadatar. Wasu kuwa daga sansar birkin ABS da ke kowace ƙafa suke ɗaukar lissafi, su sai dai a sa wani ɗan akwati a tsakanin waya da agogo wanda yake ƙara yawan bugun, ko kuma a shiga kwamfutar motar a gaya mata sabon girman taya, in irin wadda take karɓa ce. A irin waɗannan motoci in allura ta mutu bayan an canza taya, a fara leƙa bayan ƙafafun, domin babbar taya takan goge wayar sansa in an karya sitiyari har ƙarshe, wani lokaci kuma yaron mai faci ne ya fizge ta. Na'urar bincike takan nuna lamba P0500, ma'anarta kwamfuta ba ta jin gudun mota. In giyar otomatik ce, za ka ji tana canza giya ba a kan lokaci ba, kada a yi saurin cewa giyabos ya mutu.

Akwai wani abu da ya yi yawa tun da mutane suka fara komowa suna tayar da motocinsu. Mota ɗaya, giyabos daga wata, aksul ɗin baya daga wata, agogo daga wata ta uku. To karona, watau haƙoran da ke cikin tulun aksul, ita ma tana cikin lissafin duk malejin da yake ƙirga daga giyabos. Hilux ta zo da karona iri iri, akwai 4.10, akwai 4.30, akwai 4.56, akwai 4.88. Wanda ya sauya aksul bai duba ba zai iya samun kuskure ko da tayarsa ta asali ce. Ta wani gefen kuma wannan magani ne. Mai 4.10 da ya sa tayar Alhaji, in ya koma 4.56 ya ƙara kashi 11, taya ta rage 9 da rabi, sai maleji ya dawo kusan daidai, ƙarfin jan kaya ma ya dawo. Sai dai aikin da tsada, kuma a mota mai dabal dole a canza gaba da baya tare, in ba haka ba ranar da aka sa dabal a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Haka nan kada a haɗa taya mai tsayi a baya da gajera a gaba a irin wannan mota. Safaya ma a tuna da ita, kada a bar ta a tsohuwar lamba.

Dattawanmu da suka yi zamani a kan Sifinja za su yi dariya in sun ji duk wannan. Bedford ɗin nan da aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, makanikan Sudan sun sake ta tun daga shasi har sifirin, sun ɗora mata manyan tayoyi, ta ɗauki kayan da masu ita ba su taɓa mafarki ba. Tsakanin taya 9.00-20 da 12.00-20 akwai kusan kashi 10 cikin 100, amma wa ya damu? Mai tashi daga Suk Libya ya nufi Nuhud ko Fashir a cikin rairayi, da kunne yake tuƙi, nisa kuma da kwana da wuraren shan shayi ake ƙirga shi. Yawancin malejin ma a mace suke. Amma lorin da yake tafiyar 30 a cikin goz dabam, boksin da yake 110 a hanyar Madani da mutane a baya dabam, hanyar da tun tuni jama'a suka laƙaba mata sunan hanyar mutuwa.

Dalili kuwa, nisan da mota take bukata kafin ta tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin kansa yake yi. Ƙarin gudu na kashi 9 da rabi yana nufin ƙarin kusan kashi 20 cikin 100 na nisan tsayawa. Bugu da ƙari doguwar taya tana rinjayar birki, kamar yadda dogon ƙarfe yake rinjayar noti, ga faifan birki da takalminsa suna nan yadda suke. Ga mota ta ƙara tsayi, ta fi saurin kifewa a kwana. Duk wannan yana faruwa alhali direba yana kallon allura hankalinsa kwance.

Ban ce kada kowa ya ƙara taya ba. Mai shiga ƙauyukan Jazira da damina ko mai ratsa rairayi yana da hujja. Amma in tsayi kake nema, 7.50R16 ko 235/85R16 suna ba da tsayin nan na milimita 805 ba tare da faɗin da yake shan mai ba, ko da yake kuskuren maleji yana nan daram. Masu ƙananan motoci kuma su sani ba girman rim ne abin dubawa ba. Daga 175/70R13 zuwa 185/60R14 bambancin bai wuce rabin kashi ɗaya ba, amma daga ita zuwa 185/70R14 kusan kashi 7 ne, alhali duka biyun rim 14 ne. Lambar tsakiyar nan ita ce mai magana.

Kafin a samu ɗan giyan da ya dace, Alhaji, ka sa a yanki farar salatif a manna a gilashin agogo. A rubuta 66 a gefen 60, 88 a gefen 80, 110 a gefen 100, a ja jan layi a inda ainihin iyakar gudun hanyar da motar take bi ya faɗo. A littafin mai kuma, a buɗe sabon shafi a rubuta 1.095 a samansa, ko lambar da awon alli ya ba ku, ku yi lissafin tare da yaron.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba lambobi huɗun nan da ke gefen taya masu nuna sati da shekarar da aka yi ta, domin tsofaffin tayoyin da suka daɗe a ajiye sun fara fitowa kasuwa da sunan sababbi. Masu tambaya su aiko ta ofishin mujalla kamar kullum, a rubuto ƙirar mota da shekararta da lambar tayar gaba ɗaya. Wassalam.